Gurbin Yatsa a Wuyan Kwalba

Kowa a Longsight, unguwarmu a Manchester, ya ɗauka ni ce na ceto sana'ar Umma. Ko a gidan suna aka haɗu sai wata ta nuna ni da baki ta ce, "Ga yarinyar da ta kai humrar uwarta intanet." Ni kuma in yi murmushi in karɓe yabon kamar gadona ne. To na gaji. Ba ni ba ce. Abin da na iya a lokacin Turanci ne da danna waya, kuma da su kaɗai aka dogara, da tun a zafin farko an rufe mana ƙofa.

Zafin da ake yi makon nan ne ya tono mini zancen. Jiya na ɗauki wata kwalba a ɗakin aikinmu na ji ta da ɗumi a tafin hannuna, sai na ga kaina ina ɗaga ta sama ina duba wuyanta. Nan take wancan azumin ya dawo mini, na kusan shekara goma da suka wuce, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin ƙasar nan.

Wanda ya san zafin Kano zai ce me Manchester ta sani. Ni ma haka nake cewa da, don sai da na yi wayo a Kano kafin Baba ya kawo mu. Amma a Kano akwai tsakar gida, akwai inuwa, akwai randa. Gidajen nan kuwa don riƙe ɗumi aka gina su. Jan bulo ya sha rana tun safe, ya yi ta amayo ta cikin ɗaki. Taga ba ta buɗuwa sai kaɗan, ƙasa kafet, fanka ta ƙare a shaguna. Ciyawar filin wasa ta ƙone ta koma kalar ƙasa. Kwaltar Stockport Road har wari take yi. Ga rana ta ƙi faɗuwa. Ki yi La'asar, ki kwanta, ki tashi, ki leƙa waje, tana nan tsaye kamar mai jiran a ba ta saƙo. Sai wajen ƙarfe goma saura ake shan ruwa, kafin ki gama lissafin cikinki an ce a tashi sahur.

Shekara guda ke nan da rasuwar Baba. Umma ta fara sharar ofisoshi da sassafe, gwiwoyinta suka kumbura har ba ta iya sujada sai a kan kujera. Likita ya ce in ba ta bar aikin ba za ta daina hawa bene. Abin da ya rage mata shi ne humra, wadda ta koya a wajen mahaifiyarta: farce, sandal, kajiji, da wasu abubuwan da har yau ba ta faɗa a gaban baƙo. Matan Hausawan nan suna saye, amma nawa muke gaba ɗaya? Shi ne na ce mu kai kasuwar intanet. Tsarinsu shi ne ka tura kayanka da yawa zuwa wani ƙaton sito nasu, su ajiye, duk wanda ya saya su ne za su aika masa. Na cike takardu, na ɗauki hotuna, na ji kaina kamar wata shugabar kamfani.

Kayan farko Umma ce ta ɗaure su, irin ɗaurin da ake yi wa saƙon da za a kai tasha. Kowace kwalba ta naɗe ta da jarida, ta jera su a tsohon zani, ta ƙulle, ta cusa a kwali. Ta sa na rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa a yi hankali. Da direban ya zo ta tsaya a bayana tana zungurina.

"Ke, gaya masa kwalabe ne. Ki ce ya sa a gaba kusa da shi."

Umma ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce ba damuwa, ya wurga kwalin bayan mota a kan wasu ɗari.

Akwai kuma abin da ban ma lura da shi ba, don tun ina ƙarama haka nake gani. Umma ba ta rufe kwalba sai ta cika ta har baki. Ta zuba, ta tsaya, ta ƙara ɗigo, sai man ya yi tozo yana shirin zubowa sannan ta murɗa murfi. Mahaifinta hatsi yake sayarwa, ta tashi tana ganin ana tula mudu har ya zube a ƙara da gyara. Babu abin da take tsoro a ciniki kamar a ce ta tauye wa wani awo.

Bayan kwana biyar saƙo ya shigo wayata da hotuna. Kwalin ya jiƙe sharkaf, ya yi baƙi. Kwalabe sun tsage, wasu murfinsu ya ɗage, man ya bi ya ɓata kayan wasu mutane da ke kusa. A ƙasa suka rubuta cewa in aka sake, sun daina karɓar kayanmu.

Humra ba shayi ba ce da za a dafa wani. Makonni take yi tana tsumuwa. Abin da ya rage mana tulu ɗaya ne na gilashi a ƙarƙashin bene. In shi ma ya tafi, ko aka rufe mana ƙofa, Umma za ta koma jan bokiti da tsumma da waɗannan gwiwoyin. Ita ma ta sani. Na gan ta ta ciro takalmin aikinta ta goge ta ajiye a bakin ƙofa.

Ni kuwa na zagi direba, na zagi sito, na zagi jarida. Na je na sayo ledar nan mai ƙurajen iska, nadi guda ƙato, na ce wannan karon ko daga sama aka jefo ba abin da zai same su. Umma ta ce a'a, ta kira Yaya Laraba.

Anti Laraba a Birmingham take. A wani biki suka haɗu da Umma, ta sayi humra, zumunci ya ƙullu. Ta yi shekaru tana aikin ɗaure kaya a wani sito a bayan gari. Matan likitoci da injiniyoyi, in ta juya baya, "Laraba mai kwali" suke ce mata. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba.

"Umma, me za ta koya mana? Naɗe kwalba a leda? Na kalla a waya, minti uku ne."

"To ki ƙara minti uku ki share ɗakin baƙi."

Ranar Asabar Anti ta iso a motar haya, da azumi a bakinta, gyalenta ya manne a wuya saboda gumi. Ko zama ba ta yi sosai ba ta buɗe jaka ta ciro abin jan salatif irin na ma'aikata, da reza, ta ɗora a tebur.

"Zulai, ina hotunan?"

Na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana buɗa su da yatsa biyu.

"Wannan ba faɗuwa ba ce."

"Anti, a gabana ya wurga kwalin."

"Ya wurga, na yarda. Amma kwalbar da ta faɗi a ciki ko a gindi take fashewa. Duba nan. Duba nan ma. Duk a wuya. Wannan daga ciki aka turo." Ta juya wajen Umma. "Maman Zulai, har ina kike cika su?"

"Har inda ake cikawa mana."

"Har baki?"

"To da har ina?"

Anti ta ce mai in ya ji zafi kumbura yake. Bayan babbar mota a wannan yanayin tanda ce. In bai sami wurin miƙe ƙafa ba sai ya nemi hanya, ko ta murfi ko ta gilashi. Dole a bar masa gurbin yatsa ɗaya a wuya.

Fuskar Umma ta canza. "Yaya Laraba, da girmana, a watan azumi, in sayar wa mutum iska?"

"Ba iska za ki sayar ba."

"Ya buɗe kwali ya ga kwalba ba ta cika ba, me zai ce? Ya ce Bahaushiya ta cuce shi. Ko shi bai faɗa ba, Allah yana gani."

Ni dai haushinsu duka biyun nake ji. Na ce a naɗe kawai a wuce wurin, rana tana yi. Anti ko kallona ba ta yi ba. Ta ce a ba ta kwalabe biyu. Ɗaya Umma ta cika yadda ta saba, ɗaya Anti ta zuba ta bar gurbin. Ta tambaya ko akwai mota. Akwai ta Baba a ƙofar gida, tun rasuwarsa ba wanda ya tuƙa ta, Umma kuma ta ƙi a sayar. Anti ta ɗora kwalaben a faranti, ta ajiye a gaban motar inda rana ke dukan gilashi, ta rufe ƙofa.

Muka yi Azahar. Muka zauna a falo, harshe ya manne a ganɗa. Ina jin ƙarar firiji kamar yana kirana da suna. Bayan La'asar muka fita mu uku. Ina buɗe ƙofar motar wani turiri ya bugi fuskata, da ƙamshin humra mai nauyi har sai da na ja baya. Cikakkiyar ta tsage a wuya, man ya kwanta a faranti. Ɗayar tana tsaye lafiya lau, sai dai man ya hau, gurbin ya ragu da kusan rabi.

Umma ta daɗe a tsaye tana kallon kujerar direba. Sannan ta ɗauki mai gurbin ta jujjuya ta.

"Na gani. Amma ni ba zan tauye ba."

A nan ne na san Anti ba ɗaure kwali kaɗai ta iya ba. Ba ta ce mata zamani ya canza ba, ba ta ce nan Turai ce ba. Cewa ta yi, "Zulai, nawa kika rubuta musu a jikin kwalbar?"

"Mililita hamsin."

"To a sayo wadda ta fi wannan girma kaɗan. Maman Zulai ta auna hamsin ɗinta cif, ta ƙara gyararta a kai, a rubuta hamsin. Mai saye ya sami fiye da abin da aka faɗa masa, mai kuma ya sami wurin numfashi. Wa aka tauye?"

Umma ta ce, "Gyarar fa ni zan zuba da hannuna."

"Wa zai hana ki?"

Washegari ni da Anti muka hau bas zuwa Cheetham Hill, wajen 'yan sari. Muka zaga sito huɗu kafin ta yarda da kwalba. Kowace sai ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta murɗa murfin, ta duba ko da roba a cikinsa. Kwali ma sai mai bango biyu. Ni ƙafata ta gaji, kaina yana sarawa. A hanyar dawowa, muna rungume da kaya a bas ɗin da ya zama kamar tukunya, na ce mata duk wannan wahalar ta mece ce, ai sai a ƙara rubuta musu a yi hankali da jan biro.

Ta yi dariya har tana tari. "'Yar nan, wa zai karanta? A can babu mai jin 'don Allah'. Bel mai jan kaya ne yake gudu da na'ura mai haska lamba. Kwalinki zai faɗo, wani ya faɗo a kansa, a tura shi, a juya shi. Ba wanda ya tsane ki, ba kuma wanda ya san ki. A gida kina ba direba amana. A nan kwalin za ki ba amanar, don shi kaɗai zai raka kayanki." Ta gyara riƙon kayan. "Mai kwali ce ta gaya miki."

Na ji kamar bas ɗin ya buɗe in faɗa. Ashe ta sani. Ta ci gaba da kallon taga abinta.

Kwana uku muka yi muna aikin. Da safe muke farawa kafin bulo ya ɗauki zafi, labule a sauke. Umma a kan kujera, ƙafa a miƙe kan matashi, da sirinji a hannu. Ta ja hamsin ta zuba, ta ƙara ɗan abin da ranta ya kwanta da shi, ta yi bisimilla ta miƙo. Ni in goge, in murɗa murfi, in zagaye shi da salatif. Sai a jefa a leda mai zif a rufe, don ko ta zuba kada ta shafi ta kusa. Sai ledar ƙuraje zagaye biyu, har gindi da kai. Takardar lamba a waje take zama, a shimfiɗe, inda na'ura za ta gani ba sai an kwance ba. Na manna goma a jikin gilashi kafin Anti ta gani, ta sa na ɓare su duka.

Kowace kwalba da ɗan kwalinta, sannan a jera a babba, da kwali tsakanin kowace da 'yar uwarta. Yatsa biyu tsakanin kaya da bango ta kowane gefe, a cike da takarda a danne. Kafin a rufe sai a ɗaga a girgiza a kusa da kunne. In kin ji motsi ko kaɗan, ba ki gama ba.

Ƙamshin humra a kan yunwa wani abu ne daban. Yana shiga kai ya zauna a bayan ido. Yatsunmu suka yi santsi, salatif ya ƙi kamawa, sai an wanke hannu a dawo. Anti ta ce, "Mu kam mun ga azumi. Ciki kamar ganga, jiki kamar amare." Umma ta yi dariya, karo na farko tun zuwan hotunan.

Ranar ta biyu na gaji, na rufe wani kwali ban girgiza ba. Na ce wa zai sani. Anti tana wucewa ta taɓa shi da ƙafa, ta tsaya, ta ɗaga. Ƙas. Ƙaramin sauti, kamar an ajiye cokali.

"Wa ya rufe wannan?"

"Anti, ɗaya ce fa kawai take motsi."

"Ɗaya ce za ta mayar da uwarki shara. Ga reza."

Na yanke shi ina ƙunƙuni, na sake daga farko.

Abin da ya fi ba ni tsoro gwajin ƙarshe ne. Anti ta ce in ɗauki cikakken kwali zuwa tsayin ƙuguna in sake shi a kan tayil ɗin kicin. Da gangan. A kwance, a gefe, sannan a kan kusurwa. Umma ta ce ita ba za ta iya gani ba, ta dafa bango ta koma falo. Na riƙe kwalin, makonnin tsumuwa ne a ciki.

"Saki mana. Gara ya fashe a gabanki da ya fashe a gabansu."

Na saki. Tim. Daga falo muka ji Umma ta ce, "Innalillahi." Na sake, na sake. Muka buɗe muka kwance ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Ko ɗigo babu.

Da aka sha ruwa ranar, kunun gyaɗa da ƙosai da dabino uku-uku, ban taɓa jin ruwan sanyi ya bi jikina haka ba. Ina jin sa har yatsun ƙafa.

Da direba ya zo, Umma ta buɗe baki za ta ce in gaya masa, sai ta kalli Anti ta fasa. Ya wurga su kamar yadda ya wurga na farko. Anti ta kama hanyar Birmingham a ranar, ta ƙi karɓar komai sai kwalbar nan da ta tsira a motar Baba.

Kwana shida muna jira. Zafi bai sauka ba. Takalmin aikin Umma yana nan a bakin ƙofa, kullum sai na tsallake shi. Ranar ta shida da rana sama ta haɗe, iska ta fara kaɗa murfin kwandunan shara a layi, sai ruwa ya tsuge. Yaran maƙwabta suka fito suna ihu. Ina tsaye a ƙofa ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙen bulo wayata ta yi ƙara. Sun karɓa duka, babu wadda ta lalace. Na karanta wa Umma sau biyu, na fassara. Ta sauko daga kujera da gwiwoyin nan nata ta kai goshi ƙasa. Da ta ɗago ta ce in ɗauke takalmin in kai shagon da ke karɓar kayan sadaka.

Sai bayan Sallah muka ji a bakin wata cewa kwanakin da Anti ta yi a gidanmu hutun da ta tara ne don Sallah. Ranar Idi tana tsaye a gaban bel tana ɗaure kayan mutane. Ba ta taɓa faɗa ba.

Yanzu azumi ya koma lokacin sanyi, kafin ki ji yunwa an kira Magariba. Muna da ɗan ɗakin aiki a Cheetham Hill, da fanka biyu, da mata biyu da ke taya mu. Umma tana hawa bene da ƙafarta, har yau ita ke zuba gyara. Duk wadda ta fara aiki ni nake koya mata: gurbin yatsa a wuya, yatsa biyu a gefe, girgiza, saki. Ina faɗa da ɗaga murya kamar ni na ƙirƙiro. Ko sau ɗaya ban ce ga wadda ta koya mini ba. Anti ta bar aiki, yatsunta sun ƙage, an ce ko murfin kwalba ba ta iya murɗawa. Ni kuwa sai Sallah nake kiranta, minti biyu, ina sauri.

Jiya da na dawo na ce wa Umma ta ɗauko kwalba mafi kyau ta cika ta. Ta ɗauko sirinji, na ce ta ajiye.

"Har baki, Umma. Yadda kika saba."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "A wannan zafin? Yaya Laraba za ta ci mutuncinmu."

Na san za ta yi faɗa, shi nake so in ji. Wannan ba za ta shiga kwali ba, ba za ta hau bel ba. Ranar Asabar akwai walima a Birmingham, duk matan nan za su hallara. Zan hau jirgin ƙasa na safe kafin rana ta yi, in zauna ɓangaren inuwa, in riƙe kwalbar a tsaye a hannuna har ƙofar gidanta. In ɗauko Anti mu tafi tare. Duk wadda ta sake nuna ni da baki, zan kama hannunta in kai ta gaban mai kwali in ce ta gaishe ta.